Ta'aziyyar Dabbar Gida da Kula da Fatar Tsofaffi: Hidimomi Biyu da Muke Rainawa

In aka ce ikkilisiya za ta kai wa tsofaffi ziyara, abin da ya fi zuwa mana a rai shi ne kwanon masara, da sabulu, da turmin zane lokacin Kirsimeti, a yi waƙa a yi addu'a a tashi. Wannan yana da kyau, kada mu fasa. Sai dai akwai abubuwa biyu da ke damun tsofaffinmu ƙwarai waɗanda ba kasafai suke faɗa ba, domin suna tsoron a yi musu dariya. Na fari shi ne baƙin cikin da ke kama su in dabbar da suka saba da ita ta mutu. Na biyu shi ne wahalar fata: bushewa, ƙaiƙayi, faso, da gyambon da ya ƙi warkewa.

Da farko za a ga kamar babu abin da ya haɗa su. Abin da ya haɗa su shi ne mutum ɗaya ne yake ɗauke da su, wato Baba ko Kaka da 'ya'yanta suka tafi birni neman abinci, kuma dukansu biyu ana ɗaukarsu ƙaramin abu. Umarnin girmama iyaye da ke Fitowa 20:12 a irin waɗannan ƙananan wurare ake gane ko muna kiyaye shi.

Dalilin da mutuwar dabba take da zafi

Bahaushe ya ce sabo ake yi wa kuka. Kare yakan rayu shekara 10 zuwa 13 in ya sami kulawa, kyanwa takan wuce haka, jaki kuwa yana iya kai shekara 25 ko fiye. Ke nan tsohon da jakinsa ya mutu mai yiwuwa ya fi shekara 20 suna zuwa gona tare. Gwauruwar da karenta ya mutu mai yiwuwa mijinta ne ya kawo shi gidan yana ɗan kwikwiyo, shi ne abu mai rai na ƙarshe da ya rage mata daga wancan zamani.

Ga tsohon da ke zama shi kaɗai, dabba tana tsara masa yininsa. Ita ce dalilin da zai tashi da sassafe ya nemo dusa ko harawa. Ita yake yi wa magana in gari ya yi shiru. Haushin kare da dare shi ke ba shi kwanciyar rai a wuraren da tsaro ya yi ƙaranci. Akuya kuma asusu ce, in ta haihu an sami kuɗin magani. Ranar da dabbar ta mutu, duk waɗannan sun tafi lokaci guda. Sau da yawa kuma sabon rashi yakan tono tsohon rashi: Kaka tana kukan kare, a ciki kuwa har da kukan miji da 'ya'yan da ta binne.

Saboda haka kalmomin da muka saba faɗi, irin su "ai dabba ce kawai", ko "haba Kaka, kamar wadda aka yi wa mutuwa", suna rufe mata baki ne kurum. Zafin yana nan, ta dai koyi ɓoye shi.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

A 2 Sama'ila sura 12, da annabi Natan ya so ya taɓa zuciyar sarki Dauda, labarin wani matalauci ya ba shi, mai 'yar tunkiya guda ɗaya da ta girma tare da 'ya'yansa, tana ci tana sha tare da shi, yana ji da ita kamar 'yar cikinsa. Dauda bai yi dariya ba. Ransa ya ɓaci ƙwarai a kan wanda ya ƙwace ta. Da a ce shaƙuwa da dabba wauta ce, da wannan misali bai yi aiki a kan sarki ba.

Karin Magana 12:10 ya sa kula da ran dabba cikin alamun mutum mai adalci. Dokar Asabar a Fitowa 23:12 ta haɗa da hutun sa da jaki. Alkawarin da Allah ya yi bayan ruwan tsufana a Farawa sura 9 ya ƙunshi Nuhu da zuriyarsa da kowane mai rai da ya fito daga jirgi. A ƙarshen littafin Yunusa, da Allah yake faɗin dalilin tausayinsa ga Nineba, ya ambaci dabbobin birnin. Ubangiji Yesu kuma a Matiyu 10:29 ya koyar cewa ko ɗan tsuntsun da ba shi da daraja a kasuwa ba ya faɗuwa ba da sanin Uba ba. Mai baƙin ciki a kan dabbarsa yana baƙin ciki ne a kan abin da Mahalicci ma ya damu da shi.

Yara da tsofaffi sukan yi tambaya: "Pasto, zan sāke ganin karena a sama?" A nan ana bukatar gaskiya da taushin hali. Mutum ne kaɗai aka yi cikin siffar Allah, kuma alkawarin tashin matattu da ke 1 Korintiyawa 15 a kan mutane yake magana. Don haka kada mu yi wa kowa alkawarin da Nassi bai yi ba. Amma Romawa 8:19-22 ya nuna dukan halitta tana nishi tana jiran 'yanci daga ruɓewa, annabi Ishaya kuma a sura 11 da sura 65 ya kwatanta sabuwar duniya da dabbobi a cikinta suna zaman lafiya. Abin da za mu iya gaya wa mai tambaya da gaba gaɗi shi ne: Allah ne ya yi wannan dabba, ya san ta, kuma a wurin da yake shirya mana babu abin kirkin da za mu yi kewarsa.

Ba a yi wa dabba sujadar jana'iza kamar ta mai bi. Amma babu laifi iyali su tsaya tare su gode wa Allah saboda shekarun da ya ba su da ita, su roƙi ta'aziyya ga wanda abin ya fi taɓawa.

A yi hankali da gawar

Baƙin ciki kada ya sa a manta da lafiya. Kafin a taɓa gawar, a tambaya: me ya kashe ta?

In kare ne ko kyanwa, kuma kafin ya mutu halinsa ya sāke, yana dalalar da miyau, yana cizon duk abin da ya tarar, ko ya kasa haɗiya, ko ƙafafunsa suka shanye, a yi zaton ciwon haukar kare. Kada a taɓa bakinsa ko miyansa da hannu, a hana yara zuwa kusa, a sanar da ma'aikacin lafiyar dabbobi. Ana gwada irin wannan a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato, inda ake kuma yin allurar rigakafin karnuka. Duk wanda dabbar ta ciza, ko ta yakusa, ko ta lashi ciwon da ke jikinsa, ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ya tafi asibiti a ranar domin allura. Cutar takan ɗauki makonni ko watanni kafin ta bayyana a jikin mutum, in kuwa ta bayyana kusan kullum ajali ce. Tsofaffi sukan ɓoye cizon karensu don kada a kashe shi, saboda haka a tambaye su kai tsaye.

In akuya ce, ko tunkiya, ko saniya, ta faɗi farat ɗaya ta mutu, jini baƙi yana fita ta hanci ko baki ko dubura, kada a feɗe ta. Wannan alamar cutar da makiyaya ke kira saifa ce, tana kama mutum ta wurin nama da jini da fata. A watan Yuli na 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullarta a wata gona kusa da Suleja a jihar Neja. Asarar akuya tana da ciwo ga talaka, amma ba ta kai asarar rai ba. Haka ma a yankunanmu da ake cin naman kare, kada a ci ko a sayar da wanda ciwo ya kashe.

A haƙa rami mai zurfi, aƙalla mita 1, nesa da rijiya da rafi, a sa leda a hannu wajen ɗauka, a rufe sosai yadda wasu dabbobi ba za su tono ba, a wanke hannu da sabulu. Yar da gawa a bola ko a kwata yana jawo cuta, yana kuma ƙara wa mai dabbar ciwon rai in ya ga ungulu a kanta.

Yadda za a ta'azantar

A je a zauna. A kira dabbar da sunanta, a bar mai ita ya ba da labarinta ko da an sha ji. In yana zargin kansa cewa da ya kai ta wurin likita da wuri da ba ta mutu ba, a tuna masa shekarun da ya ciyar da ita. In guba aka ba ta, ko mota ta buge ta, fushi zai haɗu da baƙin ciki. A nan dattawan ikkilisiya su shiga tsakani da wuri kafin ya zama gaba tsakanin maƙwabta.

Kada a yi hanzarin kawo wata dabba washegari. A tambaye shi tukuna. Wani zai so bayan 'yan makonni, wani kuma ƙarfinsa bai kai na renon ɗan kwikwiyo ba, kaji biyu sun fi masa. In an kawo kare, a yi masa allurar rigakafi daga wata 3 da haihuwa, a riƙa maimaitawa kowace shekara.

Yara kuma a gaya musu gaskiya da kalmomi masu sauƙi: ya mutu, ba zai dawo ba. In aka ce "ya yi barci", yaro yana iya jin tsoron kwanciya. In aka ce "ya gudu", zai yi ta leƙen ƙofa. Ga yara da yawa wannan ce mutuwa ta farko da suka gani kusa, yadda manya suka bi da ita kuwa shi zai koya musu ko ana iya kawo hawaye gaban Allah.

In makonni suka wuce tsoho ba ya ci, ba ya barci, ya daina wanka, ya daina zuwa sujada, ko yana cewa gara shi ma ya tafi, abin ya wuce kewar dabba. A kai shi asibiti, a kuma ƙara yawan ziyara.

Abin da tsufa ke yi wa fata

Wanda baƙin ciki ya kama, abin da yake fara sakaci da shi shi ne jikinsa, fata kuwa ita ce ke fara nunawa. Ko babu baƙin ciki ma, shekaru suna sāke ta. Takan yi siriri, kitsen da ke ƙarƙashinta ya ragu, maiƙon da take fitarwa da kanta ya yi ƙaranci. Shi ya sa take yamutsewa, ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka, ɗan karo kaɗan ta yage ko jini ya kwanta. Ciwon da zai warke a jikin saurayi cikin mako guda yana iya ɗaukar tsoho makonni. Ga shi kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa kamar dā, sai ya yini bai sha ruwan kirki ba. In hunturu ya shigo daga Nuwamba zuwa Fabrairu, busasshiyar iska da ƙura su ƙarasa abin da ya rage.

Manzo Bulus a 2 Korintiyawa 4:16 ya yarda cewa jikin nan na waje yana lalacewa ko da yake na ciki yana sabuntuwa. Wannan ba izinin sakaci ba ne. Basamariyen nan na Luka sura 10 da hannunsa ya zuba mai a raunukan mutumin da ya tsinta a hanya, ya ɗaure su, Yesu kuwa ya ce mu yi haka.

Kulawa ta kowace rana

Wanka da ruwan ɗumi, ba mai zafi ƙwarai ba. Ruwan zafi yana da daɗi a hunturu amma yana wanke ɗan maiƙon da ya rage. Mai haɗa ruwan ya gwada da gwiwar hannunsa, domin tsoho, musamman mai ciwon sukari, yana iya ƙonewa bai ji ba. Wanka sau ɗaya a rana ya isa.

Sabulu mai laushi, kaɗan. Sabulun wanki da omo ba na jiki ba ne. Sabulu mai maganin ƙwayoyin cuta da ruwan maganin da ake ɗigawa a bokiti sukan ƙara bushewa in ana yi kullum. A ajiye soso mai kaushi, a yi amfani da tsumma mai taushi.

Shafa mai nan da nan. A tsane jiki da tawul ba tare da gurzawa ba, a shafa mai tun fata tana da ɗan laima, domin aikin mai shi ne ya riƙe ruwan da ke cikin fata. Man kaɗanya da muke da shi a ƙauyukanmu yana da kyau ƙwarai, haka ma basilin da man kwakwa. Ba sai mai tsada ba, mai yawan turare ma yakan jawo ƙaiƙayi. A kula da ƙwauri, da gwiwa, da baya inda hannunsa ba ya kaiwa, da leɓe. A goge tafin ƙafa kafin ya taka daɓe ko siminti, kada santsi ya kayar da shi.

Faso da kaushi. A jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi na ɗan lokaci, a shafa basilin a diddige, a sa safa a kwana da ita. Kada a yanke kaushi da reza. Tsakanin yatsu kuma a bar shi a bushe, kada a cusa mai a wurin.

Ruwa da abinci. A ajiye masa ruwa kusa, a riƙa tuna masa. Kunu da romo ma suna taimakawa. Wake, gyaɗa, ƙwai, kifi, zogale da 'ya'yan itace suna ba fata abin da za ta gyara kanta da shi.

Jin ɗumi. Kada ya manne wa wuta ko kaskon garwashi, kada kuma a kwana da garwashi a ɗaki a rufe, hayaƙinsa yana kisa ba tare da an ji wari ba. Rigar sanyi da bargo sun fi. A yanke masa farce don kada susa ta zama ciwo.

Man bilicin da man shafawa na kemis. Mayukan sa fari da yawa suna ɗauke da sinadaran da ke cinye kaurin fata, wasu har su taɓa ƙoda, hukumar NAFDAC ta sha yin gargaɗi a kansu. Haka ma ƙananan mayukan ƙaiƙayi da ake saya ba tare da likita ya rubuta ba: suna kwantar da ƙaiƙayi yau, amma in aka daɗe ana shafawa fata takan ƙara yin siriri.

Wanda ciwo ya kwantar

Tsohon da shanyewar ɓarin jiki ko karaya ta kwantar yana cikin haɗarin gyambon kwanciya. Nauyin jiki yana danne fata a kan ƙashi, jini ya kasa zagayawa, naman wurin ya mutu. Wuraren da ya fi fitowa su ne ƙasan baya, da kwatangwalo, da diddige, da kafaɗa, da ƙeya. A riƙa juya shi kamar kowane awa 2, a sa matashi tsakanin gwiwoyinsa da ƙarƙashin ƙwaurinsa yadda diddige ba zai taɓa katifa ba. In ya yi fitsari ko bayan gida a wanke a shanya nan take, a miƙe zanen gado kada ya tattare. A baƙar fata ba a cika ganin ja ba, don haka a duba wurin da ya fi sauran duhu, ko ya yi tauri, ko ya fi zafi in an taɓa. Wannan aiki ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Suruka ko jikar da aka bar wa shi ita kaɗai za ta gaji, iyali su raba kwanaki.

Alamun da ba a jira da su

A tafi asibiti in an ga ɗaya daga cikin waɗannan: ciwon da ya wuce mako 3 bai kama hanyar warkewa ba, kowane irin rauni a ƙafar mai ciwon sukari, komai ƙanƙantarsa, baƙin tabo a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce da ke girma ko yana zubar da jini, ƙuraje masu ruwa da zafi kamar wuta da suka fito a gefe ɗaya na jiki ko na fuska, waɗanda maganinsu ya fi aiki in an fara cikin kwana 3, tabo mai haske wanda in an taɓa ba a ji, ƙafa ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ƙaiƙayin dukan jiki ba tare da ƙurji ba, domin wani lokaci daga ƙoda ko hanta yake. In kuma ƙaiƙayin ya fi tsanani da dare kuma wasu a gidan suna susa, wataƙila ƙazwa ce, sai a yi wa dukan gida magani tare, a wanke tufafi da kayan kwanciya.

Gargaɗi a kan zargin maita

Dole mu faɗi wannan a fili. A wasu garuruwanmu, tsohuwa mai zama ita kaɗai, fatarta ta yanƙwane, idanunta sun yi ja, tana magana da kyanwarta, tana tashi da dare, ita ake fara nunawa da yatsa in wani yaro ya yi ciwo. In ta yi kuka da kyanwar ta mutu, sai a ce ga shaida. 'Yan'uwa, jan ido na shekarun da ta yi tana hura wuta ne. Tashin dare na ƙaiƙayi ne da ciwon gaɓoɓi. Hira da kyanwa ta kaɗaici ce, kaɗaicin kuwa mu ne muka bar ta a ciki. An kori tsofaffi daga gidajensu, an doki wasu, saboda irin wannan zato. Shaidar zur zunubi ce bisa ga Fitowa 20:16, Yakubu 1:27 kuwa ya sa kula da gwauraye cikin ainihin addini. Duk mai bi da ya ji irin wannan magana tana yawo, ya tsaya mata, ya kuma sanar da shugabannin ikkilisiya.

Aikin da ke gabanmu

Zumuntar Mata su sa man kaɗanya ko basilin da safa cikin kayan ziyara kafin hunturu ya kankama. Matasa su ɗauki ɗebo ruwa da dafa ruwan wanka ga waɗanda ba su da kowa, su kuma zama masu haƙa rami in dabba ta mutu. Ma'aikatan jinya da na lafiyar dabbobi da ke cikinmu a ba su 'yan mintoci bayan sujada su koyar. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da ciwon haukar kare ta duniya, 1 ga Oktoba kuma ranar tsofaffi, dukansu suna zuwa dab da hunturu, lokaci ne mai kyau na shiri. 'Ya'yan da ke birni kuma, in kun kira waya, ku tambayi Mama lafiyar ƙafarta, ku tambayi Baba jakinsa. In kun zo gida, ku karɓi kwalbar man ku shafa musu da hannunku. Tsofaffi da yawa sukan yi watanni ba wanda ya taɓa jikinsu da ƙauna.

Marubucin Zabura 71 ya roƙi Allah kada ya yashe shi a kwanakin tsufa sa'ad da ƙarfinsa ya ƙare. Akwai masu yin wannan addu'a a unguwarku yau, kuma sau da yawa ta hannun ikkilisiya Allah yake amsa ta.

Ubangiji ya ba mu idon ganin abin da ke damun iyayenmu, ya ba mu haƙurin yi musu hidima, ya ta'azantar da duk mai kewa, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.